Leɓen da Barira Ta Bari Rabi

Barira ba ta da kirki, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Hannu gare ta. Daga unguwar Abbasiyya har ta Maurada, in ka ga matar Umdurman ta zamaninmu da leɓen ƙasa baƙi wuluk, sumul, babu dabbare-dabbare, ba sai ka tambaya ba, a cinyar Barira ta kwanta.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. 'Yarta ta fari, Kubra, sa'ata ce. Tare muka yi karatun allo kafin a kai ni makarantar gwamnati, ita a bar ta a gida tana wanke tsummokaran jini. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Larabawa suna kiran sana'ar daggi shallufa. Mu dakan leɓe muke cewa, don daka ɗin ce. Allura bakwai ake haɗawa a ɗaure da zare, bakunansu a jere. A kwaɓa baƙin fitila da kwalli da ɗigon matsarmamar kifi. Yarinya ta kwanta rigingine a kan angarib, gadon igiya na ƙasar nan, kanta a cinyar mai daka. A jawo leɓen waje, a shafa baƙi, a daka, a goge jini, a sake shafawa, a sake dakawa, daga kusurwar dama har a fita ta hagu. Ana farawa da hantsi saboda haske, a gama kusan azahar. Bayan nan bakin ya kumbura kamar na raƙumi, a ɗaure shi da ƙyalle a zagayo ta ƙeya. Mako guda ba abin da zai shiga cikin yarinya sai kunu ta bakin buta. Wannan shi ne adon amare a lokacin, kuma 'yan mata rububinsa suke yi.

Uwar Barira ce ta zo da sana'ar. A ƙafa ta taso daga ƙasar Haɗeja za ta Makka, ta koyi jarfa a wurin matan Fulani a hanya. Da ta iso Jazira guzuri ya ƙare, ta tsaya tsinkar auduga ta shekara ɗaya. A can aka binne ta bayan shekara talatin. Larabawa suna cewa matan ƙabilar Halab ne suka kawo dakan leɓe daga Masar a zamanin Turkawa. Barira ta ce ƙarya ne, daga yamma ya zo a kan jaki. Ni ban sani ba, kuma ban haɗu da wanda ya sani ba.

Manyan gidajen Umdurman suna aiko mata da keken doki. Suna kiran ta Hajja, ko da yake ko tekun da ake hayewa zuwa Makka ba ta taɓa gani ba. Suna ba ta shayi a kofin da aka ware mata, ta fita su ce Fallatiyya, sunan rainin da suke kiran mutanen yamma da shi. Ta san da haka.

"Su ware kofi," in ji ta. "'Yarsu dai a zanena take zubar da yawu."

Tambayoyin da ake mata ba sa canzawa, amsarta ma haka.

"Hajja, da zafi?"

"Allura bakwai ce a naman baki. Ke me kike gani?"

"Yana gogewa?"

"Da shi za a yi miki wankan gawa."

"An ce malamai sun hana."

"Je ki leƙa matan malaman. Ni na daka su."

Mijinta ma malami ne, Malam Lawal, mai makarantar allo a zaure. Yana karanta wa ɗalibai cewa an la'anci mai yi da wadda aka yi wa, ya shigo cikin gida ya ci tuwon da allurar ta saya.

Dokar Barira ɗaya ce, kuma takan faɗe ta kafin ta zauna: wadda ta yi sauti, an ajiye allura. Ba ta ƙarasawa ranar, ba ta ƙarasawa wata rana. Dalilin shi ne matan gidan ango suna zuwa kallo, don su ga ko amaryar da za a kawo musu tana da dauriya. Wadda ta jure dakan leɓe za ta jure naƙuda da uwar miji. To, amma doka kamar wando ce, kowa da nasa awo. A manyan gidaje ana buga dalluka, gangar mata, ana guɗa, 'yar mai gida ta yi ta ihu kamar akuyar da aka take, Barira ta kurmance. Kafin abin da zan faɗa, sau ɗaya tak ta taɓa ajiye allura, kuma a kan 'yar Hausa 'yar'uwarta ta ajiye. Hajara mai sayar da kunu a bakin tasha ta kawo 'yarta, yarinyar ta ƙwalla ƙara tun a dakan farko, Barira ta tashi ta bar ta da baƙin tabo kamar ɗan yatsa a kusurwar baki. An kai yarinyar Gadarif aka aurar, inda ba a san labarin ba. Hajara ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da gaishe da Barira kullum, har da tambayar kwanan Malam.

Sai maganar kunya. Barira ba ta taɓa kiran sunan Kubra ba. "Ke" take ce mata, in ba ta nan kuma "waccan". Ba ta taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ba ta taɓa yi mata kitso ba. A ɗakin Gogo, uwar Malam, Kubra ta tashi. Kunyar 'yar fari ce, kowa ya san ta, sai dai mu Hausawan nan mun riƙe ta fiye da yadda nake jin ana riƙe ta a can gida. Wanda ya bar gari da al'adar ranar da ya fito yake tsufa.

A shekarar 1964 Kubra tana da sha bakwai, ta samu wanda take so. Jibirin ne, dogo, mai yawan dariya, yana aiki a masana'antar sabulu a Bahri, hayin kogi. Mutanensa 'yan Jazira ne, ba su nemi baƙin leɓe ba, ba ma al'adarsu ba ce. A makarantarmu kuwa an riga an fara yi wa abin dariya. Kubra ce ta kafe sai an yi mata.

Na tambaye ta dalili muna tankaɗe.

Ta ce, "Shekara goma ina kallon 'ya'yan mutane da kansu a cinyarta. Ni ban san taushinta ba."

Na ce mata wauta ce. Wautar ce kuwa.

Gogo ta ce uwa ba ta dakan 'yar fari, a kai ta wurin wata Bahalabiya da ke Maurada. Kubra ta ce in ba Iya ba, a bar shi. Aka gaya wa Barira. Tana ɗaure allura, ba ta ɗago ba, ta ce, "In waccan ta kwanta, kamar kowa ce."

Ranar Alhamis ce, saura mako biyu biki. Tsakar gida ta cika da mata, na unguwa da na gidan su Jibirin da suka hayo daga Bahri. Ba wanda ya tuna da abu ɗaya sai da aka zauna: gidan malami ne, ba a kiɗa. Babu dalluka, babu tafi. Ana jin kukan kurciya a kan darbejiyar maƙwabta. Hajara ta zo da wuri ta zauna kusa da kan gado, tana ɓare gyaɗa.

Ni na riƙe ƙafafun Kubra. Ta kwanta, ta sa kanta a cinyar uwarta, ta rufe ido. Barira ta faɗi dokarta kamar yadda take faɗa wa kowa, ta yi bisimilla, ta jawo leɓen.

Sautin dakan ƙarami ne, kamar ana soka allura a ɗanyar fata. Yatsun ƙafar Kubra suka lanƙwashe a hannuna. Jini ya gangara haɓarta, Barira ta goge da tsumma. Hawaye yana bi ta gefen ido yana shiga kunne, amma hawaye ba sauti ba ne. Matan Bahri suka fara gyaɗa kai. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Barira ta kai tsakiyar leɓe, inda naman ya fi kauri, ta saki don ta ƙara baƙi a yatsa.

A wannan sakin Kubra ta buɗe ido ta ga fuskar uwarta a sunkuye a kanta. Ta ce, "Iya."

Shi ke nan abin da ta ce. A hankali ta faɗa, da kumburarren baki, ko ni da nake wajen ƙafa da ƙyar na ji. Barira ta yi kamar ba ta ji ba, ta sake kamo leɓen. Da an bar ta da ta wuce.

Hajara ta ce, "Na ji kamar an yi magana."

Barira ta shafa baƙi a leɓen.

"Ko kunnena ne? Tsufa ya zo. Jama'a, ba ku ji ba?"

Gogo ta ce, "Ba kuka ba ne, Hajara. Uwarta ta kira."

Gogo taimako ta yi nufi, amma da ta yi shiru da ya fi.

Hajara ta tafa hannu. "Af! To, ai sai uwa ta amsa. Barira, amsa mana. 'Yar fari ce ta kira, ki ce na'am, 'yar lele. Ba komai, zamani ne. Ni tawa da ta yi, ba ta iya kiran sunan da ya dace ba ne."

Wata ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Wata ta biyo ta.

Hannun Barira ya tsaya. In ta ci gaba, ta karya dokarta, kuma ta karya ta ne saboda 'yar fari, a gaban surukai. Ban ga ta yi dogon tunani ba. Ta goge allurar, ta soke ta a ƙyalle, ta sa hannu biyu ta ɗaga kan Kubra daga cinyarta ta ajiye a kan igiyar gado kamar ƙwaryar da aka gama aiki da ita.

"Ke, tashi."

Kubra ta cafko bakin zanenta. Ba ta iya magana, sai gurnani. Barira ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Gogo ta ce, "Barira, ki ji tsoron Allah. Fuskar yarinya ce."

"Inna, a zubo mini ruwa in wanke hannu."

Da kumburin ya sauka aka kwance ƙyalle. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Daga kusurwar dama zuwa tsakiya baƙi ne mai sheƙi, daga tsakiya zuwa hagu leɓen da Allah ya yi mata. Iyakar a miƙe take kamar an ja ta da zare.

Hajara ce ta raɗa sunan, ranar kamu. Ta shigo ɗakin amarya ta ce, "Ina Rabi? Rabi, buɗe mu ga." Kafin a kai amarya Bahri sunan ya riga ta haye kogi. Larabawan unguwa sun ɗauka sunanta ne na yanka, suna kiran ta da shi cikin ladabi. Mu da muka san rabin me ake nufi, mu muka fi kiran ta da shi. Ni ma na kira.

Wadda ta fi kowa samun sauƙi da sunan Barira ce. Shekara goma sha bakwai ba ta da abin da za ta kira 'yarta da shi. Yanzu ga suna ya samu wanda ba na yanka ba, kunya ba ta hana shi. Ranar da Kubra ta zo gaisuwar farko daga gidan miji, uwarta ta dube ta ta ce, "Rabi, an zo?" Shi ne karo na farko da ta kira ta da wani abu da ya wuce "ke".

Jibirin bai fasa ba, kuma bai taɓa dukanta ba. Dariya kawai yake yi. Yakan ce wa abokansa shi tsirensa gashin gefe ɗaya aka yi masa. Yana faɗa a gabanta, yana jiran ta yi dariya, ita kuma takan yi. Ta koyi kama bakin mayafi da haƙora, ta yadda zai rufe daga hanci zuwa haɓa. Haka take tafiya kasuwa, haka take shiga mota, haka ta yi hoton takardar zama ɗan ƙasa sai da mai hoto ya daka mata tsawa.

Sau ɗaya ta je wurin Bahalabiyar nan ta Maurada a ɓoye. Matar ta juya leɓen ta duba, ta ce, "Dakan Barira ne. Wanda ya shiga gonar Barira ba ya sake samun amarya a garin nan." Ta ba ta gahawa ta sallame ta.

Saura uwar. Kowace Salla, ƙarama da babba, Kubra takan hayo gada da 'ya'yanta da kwanon abinci. Ta durƙusa ta gaishe da Barira, a yi barka da Salla, yara su fita wasa. Sai ta sauke mayafi ta ce, "Iya, yaushe za a ƙarasa?"

Barira ta ce, "Rabi, naman nan bai dahu ba."

Ko ta ce, "Mijinki har yanzu sabulun yake yi?"

A ɓoye ma ba za ta yi ba, don fuska ba ta ɓoyuwa. Ranar da aka ga leɓen Kubra a cike, ranar Umdurman za ta san Barira ta amsa kiran 'yar fari, kuma Hajara tana nan a bakin tasha da ƙwaryar kununta.

Shekaru suka tafi da sana'ar. 'Yan mata suka koma jan baki na kanti, wanda ake gogewa da yamma. Keken doki ya daina zuwa. Amaryar ƙarshe da Barira ta daka 'yar ƙauye ce daga bayan Jabal Auliya, kuma angon, soja ne, ya zo har ƙofar gida ya zage ta don ta ɓata masa mata. Gogo ta rasu, Malam ya bi ta. Barira ta koma soya gyaɗa tana sayarwa a ƙofar makarantar firamare. Matan da ta daka suna wucewa da jikokinsu, wasu su gaishe ta, wasu su ja mayafi su rufe bakin.

Kubra ma ba ta huta ba. Masana'anta ta rage ma'aikata, Jibirin ya koma zaman gida a unguwar Alhilla Kuku yana ba maƙwabta dariya. Ita ta samu gurbi a Kasuwar Libiya tana sayar da shayi, murhu da kujeru shida a gindin wata rumfar masu atamfa. Mai shayi ba ta iya kama mayafi da haƙora tana tambayar sukari nawa. Dole ta saki. 'Yan kasuwa suka yi tambayoyinsu na wata guda, ƙonewa ce, cuta ce, haihuwa ce, sannan suka gaji. Amma Salla ba ta taɓa wucewa ba ta tambayi uwarta ba. Ni na lissafa: sau arba'in da huɗu.

Hajara ta rasu a damunar 1986. Barira ta je gaisuwa, ta zauna kwana uku cur, ta ci abincin sadaka da kyau. A rana ta huɗu ta kira ni ta kan katanga.

"Mariyamu, in kin je kasuwa ki ce wa Rabi ta zo Alhamis da hantsi. Ta sayo allura sababbi, nawa sun yi tsatsa."

Na kai saƙon. Kubra tana zuba shayi, ya cika kofi ya malale a faranti ba ta sani ba. Shekararta talatin da tara a lokacin.

'Yarta Khadiga, wadda ke karatun jinya a Hartum, ta yi ta faɗa, rabi da Hausa rabi da Larabci.

"Yumma, wa yake wannan yanzu? Wallahi ko a ƙauye an bari. Tsohuwar nan ba ta gani sosai, allurar ba a dafa ta. Kuma wa ya ce miki ana lura? Ni sai na tuna nake gani."

Kubra ta ce, "Ke ba a kiran ki Rabi."

Na sake riƙe ƙafafun. Mu uku ne a tsakar gidan, sai kaji. Barira ta kwaɓa baƙinta yadda ta saba, ta sa aka jawo angarib ɗin zuwa inda rana ta fi faɗowa. Ba ta faɗi doka ba. Kubra ta sa kanta a cinyar, wadda ta zama ƙashi da fata. Hannun tsohuwar yana rawa in ta miƙa kofi, amma da ta kama allura ya tsaya cak. Ta fara daidai inda ta tsaya, ta bi har kusurwar hagu. Awa biyu da rabi. Kubra ba ta yi ko tari ba. Da aka gama Barira ta ɗaure bakin ta ce, "Kalas, an gama." Kubra ta kama hannunta ta sumbata ta cikin ƙyallen, ta bar mata jini a bayan hannu.

A gidanmu ta yi jinya, don kada Jibirin ya sa ta dariya leɓen ya tsage. Kwana tara. A rana ta goma ɓawon ya faɗi, na kawo mata madubi.

Ya kamata in hango abin tun farko. Khadiga ta faɗi gaskiya ba mu ji ba. Shekara ashirin da biyu na rana da zafin shayi sun cinye tsohon baƙin, ya koma toka-toka mai ɗan kore, kusan launin leɓen da ke gefensa. Baƙo sai ya ƙura ido yake ganewa. Mu da muka san labarin mu muke ganin iyakar, don a kanmu take. Yanzu ga sabon rabi baƙi ƙirin kamar gawayi, yana sheƙi, ga tsohon rabi a koɗe. Daga bakin titi ana hango shi.

Kubra ta daɗe tana kallo. Ta tashi ba mayafi ta zagaya gidan uwarta. Na bi ta.

Barira tana zaune tana fece gyaɗa. Ta ɗago, ta kama haɓar 'yarta ta juya ta wajen haske, ta duba kamar mai duba ɗinki.

"Ya kama," in ji ta. "Hannuna bai mutu ba."

"Iya, kala biyu ne."

"To, da kala nawa kike so? Baƙin shekara ashirin da biyu ya zama ɗaya da na makon jiya?"

"Kin san haka zai yi?"

"Tun ban haife ki ba na sani."

"To, ki bi ta kan tsohon. Zan kwanta yanzu."

"Naman da aka daka sau ɗaya ba ya shan baƙi. Jini kawai zai ba ki, ya tashi da tabo."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kin tambaye ni? Kullum cewa kike yaushe za a ƙarasa. An ƙarasa."

Kubra ta tsuguna a ƙasa. Ta ce, a hankali, "Yaushe zai daidaita?"

Barira ta hura ɓawon gyaɗa daga faifai. "Wannan zai koɗe, wancan ma yana ci gaba da koɗewa. Ki ba shi shekara ashirin, ki gani."

Da Kubra ta fita na tsaya. Ban saba sa baki a maganar uwa da 'ya ba, amma ranar na sa.

"Iya Barira, me ta yi miki?"

Ta dube ni da mamaki na gaske. "Wa? Ba ta yi mini komai ba. Leɓe ɗari bakwai na daka a garin nan. 'Yar Hajara ba na lissafa ta, ko farawa ba a yi ba. Wannan kaɗai ne aikina da ke yawo a buɗe. Kina so in mutu a ce Barira ta bar aiki?"

Ta miƙo mini gyaɗa. Na karɓa.

Kubra ta koma kasuwa bayan kwana biyu, don murhu ba ya jira. 'Yan rumfar da suka manta da bakinta shekaru suka sake gani, tambayoyi suka dawo sababbi, har da yaran da ke tallan ruwa. Jibirin ya ce yanzu an gasa ɗaya gefen amma an ƙona. Ta yi dariya.

Babbar Salla ta zo, ta hayo gada da kwanon nama kamar kullum. Ta durƙusa ta gaishe da uwarta, aka yi barka da Salla, yara suka fita. Ba sauran abin tambaya. Can Barira ta buɗe kwanon ta taɓa naman ta ce ya dahu.

Barira ta rasu bayan shekara biyar, a kan tabarmarta, ba ciwo. Tsofaffin matan Umdurman sun zo gaisuwa da baƙaƙen leɓunansu, suna ta cewa ba za a sake hannu irin nata ba. Gaskiya suka faɗa. Kubra ce ta yi mata wanka.

Ita Kubra shekara goma sha ɗaya ta ba leɓen, ba ta kai ashirin ɗin ba. Ciwon suga ne ya ɗauke ta. Ina cikin waɗanda suka shirya ta, na duba da kyau kafin a ɗaure haɓa. Bai daidaita ba.